Sunan Uwar Sarki: Aure da Zumunta a Gidajen Sarautar Ƙasar Hausa

Wanda ya buɗe Kundin Tarihin Kano, littafin nan na Larabci da ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello ɗan Dabo, zai lura da wata ɗabi'a ta marubucinsa. Kusan duk sarkin da zai kawo labarinsa, yakan fara da sunansa da na ubansa, kuma kafin ya shiga batun yaƙi ko ginin ganuwa sai ya faɗi sunan uwarsa. Wani sarkin layi biyu ko uku kacal ya samu a littafin, amma sunan mahaifiyarsa yana ciki.

Abin yana da ɗaure kai, domin sarauta a ƙasar Hausa ta wajen uba ake gadonta. Ɗan 'yar sarki jikan sarki ne, ana girmama shi, amma ba ya shiga sahun masu neman gadon ta wannan hanya. To mene ne amfanin sunan uwa ga mai rubuta tarihin sarauta?

Amsar tana cikin harshen Hausa kansa. Bahaushe yana kiran makusancinsa ɗan'uwa, wato ɗan uwarsa, daga nan aka sami 'yan'uwantaka, kalmar da ke nufin ƙauna da riƙon juna. Ɗan uba kuwa, wanda aka haɗa uba da shi aka raba uwa, shi ya haifar da kalmar 'yan ubanci, wadda ma'anarta gasa ce da hassada da ƙyashi. A gidan sarki, inda mata huɗu da ƙwaraƙwarai masu yawa ke haihuwa, duk masu neman gadon ubansu ɗaya ne, saboda haka sunan uba ba ya bambanta kowa da kowa. Abin da ke raba su shi ne ɗakin da kowannensu ya fito: wace ce uwarsa, 'yar wane gida ce, su wane ne kawunnansa, dawakai nawa za su fito idan ya kira. Uba ne ke ba ɗan sarki haƙƙin neman sarauta, amma sau da yawa ɗakin uwarsa ne ke ba shi ƙarfin samunta da riƙe ta.

Tun daga Daura

Labarin asalin Hausa Bakwai ma a kan aure da kishi aka gina shi. Ruwayar ta ce Bayajida ya fara auren Magira, 'yar Mai na Barno, ya bar ta a Garun Gabas ta haifi Biram. Da ya iso Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, sai ya auri Sarauniya Daurama, ita kuma ta ba shi baiwa, Bagwariya. Baiwar ce ta riga haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta kira shi Bawo, wato a maido da garin. Ko labarin ya faru kamar yadda ake ba da shi ko bai faru ba, sunayen yaran nan biyu cacar baki ce tsakanin iyaye mata biyu a kan wanda zai gaji gari, kuma mutanen da suka riƙe labarin shekaru aru-aru sun san abin da suke nufi.

A Katsina akwai ruwaya mai kama da wannan. An ce Korau, mutumin 'Yandoto da ke kusa da Tsafe, bai iya kayar da Sarki Sanau a kokawa ba sai da matar Sanau ta tona masa asirin layar mijinta, daga nan sarauta ta bar hannun Durɓawa. An riƙe sunan Korau da na Sanau, har da sunan takobin, Gajere, amma matar da ruwayar ta ɗora wa alhakin sauyin daula ana kiranta matar Sanau ne kawai.

Surukan Abdullahi Burja da gidan Madaki Auwa

Idan aka bar ruwaya aka koma rubutu, Kundin Tarihin Kano ya nuna lokacin da aure ya zama makamin mulki a fili. Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452 bisa lissafin da Palmer ya yi a fassararsa ta 1908, shi ne kundin ya ce ya fara auren 'yar Sarkin Dutse da 'yar Sarkin Shira da 'yar Sarkin Rano, ya haɗa da 'yar Galadimansa. Dutse da Shira da Rano garuruwa ne masu nasu sarakuna da nasu mayaƙa, Galadima kuma shi ne babban mai fita yaƙi a zamanin. Sarkin da 'yarsa ke cikin gidan Sarkin Kano zai yi tunani kafin ya ɗaura wa Kano yaƙi, domin yana iya yiwuwa jikansa ne zai hau gadon gobe. Wannan auren sulhu ne da ba a rubuta a takarda ba, kuma 'yar da aka kai ita ce jinginarsa.

Ba a ƙasar Kano kaɗai ake kallon aure haka ba. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a littafinsa da aka buga a Benis a 1550 cewa Askiya na Songhai ya yi wa Kano ƙawanya, ya tilasta wa sarkinta auren ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata, tare da biyan sulusin harajin ƙasar duk shekara. Masana suna jayayya a kan ko yaƙin ya auku, tun da kundin Kano bai ambace shi ba. Amma yadda marubucin ya jera aure da haraji a matsayin sharuɗɗan mai nasara ya isa ya nuna yadda mutanen ƙarni na 16 suka ɗauki auren gidan sarauta.

Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ne kundin ya ce ya fara kulle, kuma ya tara mata dubu a gidansa. Mai karatu zai zaci daga nan muryar mata ta ɗauke a fada. Sai ga shi daga cikin gidan nan ne mace mafi ƙarfi a tsohon tarihin Kano ta fito, wato Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi (1499 zuwa 1509). Lokacin da Abdullahi ya dawo daga yaƙe-yaƙensa da Katsina da Zazzau, ya tarar Dagaci, wani babban basarake da asalin gidansu daga Barno yake, yana shirin tawaye. Kundin ya ce Auwa ce ta hana abin ya zama fitina, saboda girman da take da shi a gari. A zamanin jikanta Muhammadu Kisoki (1509 zuwa 1565), kundin ya bayyana cewa sarki yana mulki ne tare da uwarsa Iya Lamis, da kakarsa Madaki Auwa, da Guli, ɗan'uwan Auwa. Gida ɗaya na wajen uwa ya riƙe fada tsawon zamanin ɗa da jika.

Ƙarshen labarin ya nuna haɗarin da ke cikin wannan ƙarfi. Da Kisoki ya rasu aka naɗa ɗansa Yakufu, Guli ya tuɓe shi bayan wata huɗu da kwana ashirin. Galadima ya tashi ya yaƙi Guli, gari ya kwana arba'in babu sarki, aka kashe Guli. Da aka nemi Yakufu ya koma gadon sai ya ƙi, ya koma cikin malamai. Bayan shekara kusan casa'in, a 1652, aka sake irin wannan: Madawaki Kuma ya kori Sarki Kukuna ya ɗora Soyaki, ɗan 'yar'uwarsa Fasuma, sai dai wata uku kawai aka yi Kukuna ya dawo. A dukkan lokutan biyu mutumin da ya girgiza gadon sarauta ba shi da haƙƙin hawansa. Ɗan'uwan matar sarki ne, ƙarfinsa daga ɗakin 'yar'uwarsa ya samo shi.

Matan da ke da nasu rawani

Ban da ƙarfin da ke zuwa ta aure da haihuwa, tsoffin masarautu sun ware wa matan gidan sarauta muƙamai masu suna. Daura tana da Magajiya. Gobir tana da Inna, Katsina da Zazzau suna da Iya, Zazzau ta ƙara da Sarauniya. A Barno akwai Magira, uwar sarki, da Gumsu, uwargidansa, da Magaram, 'yar'uwarsa ta sarauta, har ruwayar Barno ta ce Magira A'isha Kili ce ta riƙe ƙasar kafin Mai Idris Aloma ya hau a ƙarni na 16. Masu waɗannan muƙamai suna da fadawansu da hanyoyin samun kuɗinsu, kuma Inna da Iya su ne shugabannin 'yan bori na ƙasarsu.

Jihadi ya sauya wannan tsari. Sarakunan Katsina na Haɓe da aka kora a 1807 sun tafi da al'adarsu Maraɗi, inda Iya ta ci gaba da zama mace, haka ma Inna a Tibiri ta Gobirawa. A birnin Katsina da Zariya kuwa sunan sarautar ya tsira amma ya koma kan maza, shi ya sa a yau Iyan Katsina da Iyan Zazzau maza ne. Ƙofar muƙami ta rufe wa mata a yawancin fadodin daular Sakkwato. Ƙofar aure da haihuwa ba ta rufe ba, hasali ma sabuwar daular a kanta ta dogara wajen ɗaure manyan gidajenta.

Abin da amarya ke kaiwa gidan miji: Ingila da ƙasar Hausa

Kafin a shiga gidan Shehu, yana da amfani a dubi wata ƙasa mai nisa da ta yi amfani da auren 'ya'yan manya wajen mulki, domin bambancin zai fito da siffar na gida. A Ingila ta ƙarni na 12 da na 13, ƙasa mallakar gida ce, babban ɗa namiji ke gadonta, idan babu namiji sai 'ya'ya mata su raba. Saboda haka 'yar babban gida wadda ba ta da ɗan'uwa namiji dukiya ce mai tafiya da ƙafa, kuma sarki ne ke da ikon aurar da ita ga wanda ya so. A 1189 aka aurar da Isabel de Clare, tana da shekara kusan 17, ga William Marshal, barde da ya haura arba'in wanda ba shi da wata ƙasa ta a zo a gani. Da wannan aure ya mallaki manyan yankuna a Wels da lardin Leinster na Ailan, ya zama ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a masarautar. Sun haifi maza biyar da mata biyar. Mazan duka suka mutu babu magaji, na ƙarshensu a 1245, sai aka raba ƙasar tsakanin gidajen da matan biyar suka yi aure.

Sarakunan Ingila sun mai da wannan iko hanyar tara kuɗi, suna sayar da auren marayu da zawarawa. Shi ya sa cikin sharuɗɗan da manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki Jon amincewa da su a yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 akwai cewa a ba wadda mijinta ya rasu haƙƙinta ba tare da biyan komai ba, ta zauna a gidansa kwana arba'in, kuma kada a tilasta mata sabon aure matuƙar ta zaɓi zama haka.

A ƙasar Hausa lissafin dabam yake. Garuruwan da basarake ke riƙe da su na rawani ne, idan aka tuɓe shi ko ya mutu sai su bi wanda aka naɗa. 'Yar sarki tana da sadakinta da rabonta na gado a shari'a, kuma dukiyarta tata ce ko bayan aure, amma ba ta kai wa mijinta gari ko ɗaya. Abin da take kai masa mutane ne: uba mai faɗa a ji, 'yan'uwa maza, ƙofar shiga fada. Akwai bambanci na biyu mai girma. A Ingila ɗan da aka haifa ba ta hanyar matar aure ba ba ya gado. A shari'ar Musulunci ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, rabonsa ɗaya da na ɗan uwargida, uwarsa kuma tana samun 'yanci da mutuwar ubangidanta. Wannan ya sa masu neman gado suka yi yawa a kowane gida, kuma yawansu ne ya ƙara wa ɗaki muhimmanci.

'Ya'yan Shehu da gidajen da suka shiga

Idan aka bi inda 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mata suka yi aure, za a ga taswirar manyan muƙaman daular. Hadiza, babbarsu, ta auri Malam Mustafa, malami kuma marubucin Shehu, ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa, masanin nan na Salame da ya rubuta Raudatul Afkar a kan tarihin ƙasar Hausa. Fadimatu, wadda suke ɗaki ɗaya da Muhammadu Bello, ta auri Aliyu Jeɗo, Sarkin Yaƙin jama'a. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma wazirinsa. Bello kansa ya auri A'isha, 'yar Umaru Alkammu, babban abokin Shehu. Ilimi da yaƙi da gudanarwa, kowanne an ɗaure shi da igiyar aure a jikin gidan Shehu. Har waɗanda aka ci da yaƙi an jawo su ta wannan hanya, sai dai ba da zaɓinsu ba: bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Katambale, matar Sarkin Gobir Yunfa, ta shiga gidan Bello a matsayin ƙwarƙwara, ta haifa masa ɗa mai suna Fodiyo.

Auren Asma'u ne ya fi barin zuriya mai tasiri. Bayan Giɗaɗo, ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri a 1842, daga baya wani ɗan nasu, Abdullahi Bayero, ya riƙe muƙamin, sannan jikansu Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ya riƙe shi daga 1886 zuwa 1910. Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya rasu a 1997, ɗan Buhari ne. Wannan gida ya dace da wazirci saboda wani dalili na tsari: jinin Shehu yana jikinsu ta wajen uwa, don haka suna da kwarjinin da za su tsaya gaban kowane sarkin tuta su yi magana da sunan Sakkwato, amma tun da ta wajen mace ne, ba su da haƙƙin neman zama Sarkin Musulmi. Waziri na iya zama kusa da gadon ba tare da ya zama abin tsoro ga mai gadon ba.

Asma'u ba sunan da ke kan bishiyar zuriya ba ce kawai. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, manyan mata da take naɗa wa malfa, ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Da ta rasu a tsakiyar shekarun 1860, ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da aikin, kuma rayuwar Maryam ita ce gadar da ta haɗa Sakkwato da Kano. Uwarta Mariya ƙwarƙwarar Shehu ce. Ta fara auren Muhammadu Aɗe, ɗan Waziri Giɗaɗo, bayan rasuwarsa ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Dabo ya hau gadon ne cikin tawaye, manyan gidajen Fulanin Kano ba duka suka yi na'am da shi ba, don haka zaman 'yar Shehu a gidansa shaida ce da kowa ke gani ta inda Sakkwato ta tsaya. Bayan rasuwarsa ta koma Sakkwato, amma maganarta ba ta daina nauyi a Kano ba. A shekarun 1880, da jama'a suka fara kwasar iyalansu suna nufar gabas don tarbar Mahadi, Maryam ta rubuta wa Sarkin Kano, ɗan mijinta, wasiƙa tana bayyana cewa lokacin hijirar da mahaifinta ya yi magana a kai bai yi ba. Tsohuwa ce da ba ta da rawani, hujjarta ita ce ta ji daga gidan da maganar ta fito.

Shekara da Saudatu

Dabo ya haifi 'ya'ya da yawa daga ɗakuna dabam-dabam, amma uku ne suka yi sarauta: Usman, da Abdullahi wanda ya rasu a Karofi ta ƙasar Katsina har ake kiransa Maje Karofi, da Muhammadu Bello. A gaban sunan kowannensu Kundin Tarihin Kano ya rubuta uwa ɗaya, Shekara. Daga 1846 zuwa 1893, shekara 47, Kano tana hannun ɗaki guda, kuma a cikin waɗannan shekaru gadon ya wuce daga wa zuwa ƙane har sau biyu ba tare da yaƙin gida ba.

Da aka sauko kan jikoki sai 'yan'uwantakar ta ƙare. Abdullahi ya daɗe a kan mulki ya bar 'ya'ya masu yawa a kan muƙamai. Bello da ya gaje shi ya riƙa tuɓe su yana ɗora nasa, ya ba ɗansa Tukur sarautar Galadima. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarnin a naɗa Tukur, wanda ya yi masa bajinta a yaƙin Argungu. Wanda ya isar da umarnin a Kano shi ne Waziri Buhari, jikan Asma'u. Yawancin 'ya'yan Abdullahi suka ƙi mubaya'a, suka fice tare da yayansu Yusufu zuwa Takai, aka shiga abin da Kanawa ke kira Basasa.

Yusufu ya rasu a Garko a 1894, yaƙi bai ƙare ba. Yusufawa suna da 'ya'yan Abdullahi da dama da za su iya ɗorawa, wasu sun girmi wanda aka zaɓa. Suka tsaya a kan Aliyu, wanda aka sani da Alu. Malami ne kuma jarumi, amma akwai abin da ya fi 'yan ubansa da shi: uwarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, jikar Muhammadu Bello ɗan Shehu. Sarkin Musulmi Umaru, wanda ya rasu a 1891, kawunsa ne. Mutanen da suka ɗaga takobi a kan umarnin Sakkwato suna bukatar shugaban da zai yi wuya a kira shi maƙiyin gidan Shehu, sai suka sami wanda jinin gidan ke jikinsa. Akwai ƙarin lissafi a ciki. Abdurrahman daga gidan Atiku ya fito, Saudatu kuwa daga gidan Bello, kuma waɗannan gidaje biyu su ne manyan masu takarar sarautar Musulmi. Ke nan a cikin Sakkwato kanta akwai babban gida da Alu yake ɗan 'yarsu.

Alu ya shiga Kano a 1894, Tukur ya fice zuwa Kamri a ƙasar Katsina, aka kashe shi a Tafashiya a watan Maris na 1895. Sakkwato ta haƙura da abin da ya riga ya faru. Alu ya riƙe Kano har zuwan Turawa a 1903, suka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Tarihin Basasa yawanci da sunayen maza ake ba da shi, Tukurawa da Yusufawa. Amma waɗanda suka yi yaƙin jikokin Shekara ne, wanda ya kawo takardar naɗin jikan Asma'u ne, wanda ya ƙare a kan gadon kuma ɗan Saudatu ne. Aure uku da aka ɗaura shekaru da dama kafin a harba kibiya ta farko suna cikin abin da ya tsara yadda rikicin ya tashi da yadda ya kwanta.

Waɗanda suka biya kuɗin

Bai kamata ƙarfin Auwa da darajar Maryam su rufe wa mai karatu ido ba. Yawancin matan da aka ƙulla siyasa da aurensu ba a tambaye su ba. 'Yar Sarkin Shira da aka kai gidan Burja ta bar garinsu ne don biyan bukatar ubanta da mijinta, kundin da ya ambaci auren ma da sarautar ubanta ya kira ta. Katambale ta shiga gidan Bello ne bayan an ci garinsu an kashe mijinta. A cikin mata dubun da aka ce Rumfa ya tara, kundin ya nuna cewa kamo su ake yi daga gidajen iyayensu. Wadda ta haifi ɗan da ya yi sarauta ta sami layi a littafi, a Kano ma ta sami laƙabin Mai Babban Ɗaki. Wadda ta haifi mata kawai, ko wadda ɗanta ya faɗi takara, ta tsufa a bayan katanga, sunanta ya tafi tare da waɗanda suka san ta.

Wannan rashi yana da illa ga fahimtar tarihin kansa. A gidajen hakimai da dagatai na kudancin Katsina, daga Maska zuwa Malumfashi da Bakori da Tsiga, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, jerin waɗanda suka riƙe sarauta a bakin maroƙa yake, wane ɗan wane, wane ya gaji wane. Jerin yana faɗin wanda ya hau, ba ya faɗin dalilin da ya sa aka tsallake wa aka ɗauki ƙane, ko abin da ya sa gidaje biyu da suka yi gaba suka wayi gari suna zumunci. Amsar irin waɗannan tambayoyi galibi tana wurin tsofaffin mata, waɗanda a wurin biki ko suna za su iya warware wa mutum wace ce ta auri wane, daga wane gari aka kawo ta, ɗiyar wa aka bayar a madadinta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma su ne suka yi tafiyar. Mai son rubuta tarihin garinsu zai yi kyau ya fara da su tun suna raye, ya bi tsarin marubucin kundin Kano: a gaban sunan kowane basarake a rubuta sunan uwarsa, a ƙara da garinsu da gidan da ta fito.